2024: Shekarar da Man Janareta Ya Tsara Jadawalin Talabijin a Bauchi da Gombe

A gidan talabijin ba a lissafin shekara da watanni. Zango huɗu ake raba ta, kowane zango mako 13. Kafin zango ya shiga, kwamitin shirye-shirye zai zauna ya duba abin da za a ci gaba da shi, abin da za a sauke, da sabon da za a gwada. Duk shirin da ke zuwa mako-mako ana son furodusansa ya kawo tsarin kashi 13, kuma abin da ake kira rabin awa a takarda minti 25 ne ko 26, ragowar na talla ne da sanarwa da tambarin tasha. Wanda ya san aikin yakan so a ce kashi huɗu ko biyar na nan a ajiye kafin a fara haska na farko, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka tsarin yake a NTA Bauchi da NTA Gombe, haka yake a BATV ta gwamnatin jihar Bauchi da gidan talabijin na GMC na gwamnatin jihar Gombe, da tashoshin Hausa da ake kamawa ta tauraron ɗan'adam. Amma wanda ya ɗauki jadawalin da aka rubuta a Janairun 2024 ya gwada shi da abin da masu kallo suka gani zuwa Disamba, zai tarar yawancin sauyin bai fito daga ɗakin taron kwamiti ba. Ya fito ne daga gidan mai, da turakun wutar lantarki, da aljihun masu ɗaukar nauyi.

A fara da abin da ba ya motsi. Tashoshin NTA na jihohi suna haɗewa da Abuja da ƙarfe 9 na dare don labaran ƙasa, kuma duk ranar da shugaban ƙasa zai yi jawabi kowa na jona layi. Dokar NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, ta ware ƙarfe 7 zuwa 10 na dare a matsayin lokacin iyali, ba a saka abin da uba zai ji kunyar gani tare da 'ya'yansa. Sai labaran jiha da Turanci da Hausa da Fulfulde, sai huɗubar Juma'a, sai shirin coci ranar Lahadi, wanda tashar da ke da masu kallo a Kaltungo da Billiri da Bogoro ba za ta yi wasa da shi ba. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne filin da ake iya sayarwa.

Nan ne gizo ke saƙar. Shirin da ke kan allo iri uku ne: wanda tasha ta yi da kuɗinta, wanda wani ya sayi lokaci ya kawo abinsa a shirye, da wanda aka yi musaya, mai shiri ya ba da kaya kyauta a bar masa 'yan mintoci ya sayar da tallarsa. A 2023 an yi babban zaɓe, 'yan siyasa sun sayi lokaci kamar ba gobe. A 2024 wannan rijiyar ta ja baya. Zaɓen ƙananan hukumomi da aka yi a Gombe a Afrilu da Bauchi a Agusta bai kai ya cike gurbin ba, domin inda aka san sakamako tun kafin a kaɗa ƙuri'a ba wanda zai yi ɓarin kuɗi a talla. Manyan kamfanonin sadarwa da na kayan abinci kuwa daga Legas suke raba kasafin tallarsu, kuma idan suka tsuke bakin aljihu ƙananan tashoshin jihohi ake fara cirewa daga jerin.

Shekarar ta buɗe da ƙwallo. An yi gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu. Kwanaki kaɗan kafin a fara, kamfanin MultiChoice mai DStv ya sanar cewa tasharsa ta wasanni, SuperSport, ba za ta nuna gasar ba saboda haƙƙin nunawa na hannun kamfanin New World TV na Togo, sannan aka daidaita dab da wasan farko. Masu gidajen kallo a Wunti ta Bauchi da Jekadafari ta Gombe sun kwana cikin zullumi, domin sa kati a dikodar da ba za ta nuna wasa ba asara ce tsantsa. Ga tashar da ba ta da haƙƙin nunawa kuwa matsalar daban ce: wasannin na zuwa ƙarfe 3 da 6 da 9 agogon Najeriya, wato daidai kan lokacin da ta fi tsada. Wasan ƙarshe, wanda Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2 da 1, ƙarfe 9 aka take shi. Manajan da ya san abin da yake yi ba ya ƙona sabon kashi na shirinsa mai tsada a irin wannan dare, maimaici yake sakawa ya adana sabon.

Ƙwallon gida ma ta taɓa jadawali ta wata hanya. A ƙarshen 2023 StarTimes ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar ta nuna gasar Firimiyar Najeriya, amma da kakar ta ƙare a Yunin 2024 Gombe United da Doma United duk sun faɗa rukuni na ƙasa, Wikki Tourists ta Bauchi kuma tun kakar baya ta riga su. Shirin wasanni na mako a jihohin biyu ya wayi gari ba shi da ƙungiyar gida ko ɗaya a babbar gasa, sai sharhin ƙwallon Ingila da Sifaniya, wanda ba shi da izinin nuna hotunansa.

Azumi shi ne babban mai karya zango, kuma shi kaɗai ne aka san zuwansa tun da wuri. An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris, farkon mako na 11 na shekara, aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Wato shirin da ya fara a makon farko na Janairu ya nuna kashi 10, saura uku, sai tafsiri ya karɓe filin. Ko dai a dakatar da shi wata guda masu kallo su manta inda aka tsaya, ko a tura shi can bayan tarawihi. Wasan kwaikwayo mai soyayya da waƙa yakan koma gefe, shirin girki ya matso la'asar, a buɗe filin sahur da asuba.

A wajen kuɗi wannan shi ne watan girbi. Kowace majalisar tafsiri da mai ɗaukar nauyinta, attajiri ko ɗan siyasa ko ƙungiya, kuma suna sayen awa guda kullum har ƙarshen wata. Wahalar ita ce jerawa: wane malami za a sa kafin buɗa-baki, wa za a kai ƙarfe 11 na dare, kuma yaya za a yi kada a ce tasha ta karkata ga Izala ko ɗariƙa. Yawanci tafsirin yau gobe ake nuna shi, domin sai an kawo katin kyamara, an gyara sauti, an yanke inda lasifika ta yi ƙara ko inda aka ambaci sunan wani da abin da zai jawo ƙara a kotu.

Akwai wani ƙaramin abu da ke nuna amfanin tashar gida. Rana na faɗuwa a Gombe kimanin minti biyar kafin Bauchi, kimanin kwata kafin Abuja, amma Maiduguri na riga Gombe da kusan minti takwas. Tashar tauraron ɗan'adam da ke watsa wa ƙasa duka ba ta da kiran sallar magariba guda da zai dace da kowa. Wanda ya sha ruwa a Bauchi da kiran sallar da aka yi don gabas ya ɓata azuminsa. Tashar jiha ce kaɗai ke iya sa shi a kan lokacin garinta, in har tana kan iska a lokacin.

Wannan "in har" ɗin shi ne labarin sauran shekarar. Ranar 3 ga Afrilu hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a ƙarshen watan ɓarayi suka lalata turaku huɗu a babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, arewa maso gabas ta shiga duhu na makonni, cikin tsananin zafi. Ranar 3 ga Yuni yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ya kashe wutar ƙasa baki ɗaya. A Oktoba kuma arewa ta sake kwana fiye da mako guda babu wuta bayan layukan da ke kawo mata sun samu matsala, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata.

A yi lissafin da manajan tasha ke yi. A ce tasha na jan kilowat 60 idan komai na aiki: na'urar watsa shirye-shirye, na'urorin sanyaya ta, fitilun ɗakin shiri, kwamfutoci. Tsohuwar na'urar watsawa kan ci wuta ninki uku ko huɗu na abin da take turawa sama, sauran zafi ne, shi ya sa ba a kunna ta babu sanyi. A tsohon farashi awa guda na wutar Nepa naira 4,000 da ɗoriya ce. A sabon farashi 13,500. Idan babu wutar sam, janareta mai KVA 100 da ke ɗauke da wannan nauyi zai sha kamar lita 17 na dizal, wanda a nan ake ce wa gas, a awa guda. Litar ta wuce naira 1,000 duk tsawon shekarar. A sa ta a 1,400: awa guda 23,800, awa goma 238,000, wata guda fiye da miliyan bakwai. Ba a sa kuɗin juyen man inji ba, wanda ake yi duk bayan awa 250, wato kowane kwana 25 ga injin da ke aikin awa goma. Yanzu a tambayi kai: shirin wayar da kan manoma na ƙarfe 11 na safe, wanda ba shi da mai ɗaukar nauyi, wa zai biya masa 23,800?

Saboda haka yankan na bin tsari guda kusan ko'ina. Da farko a cire tsakiyar rana, a buɗe da safe na ɗan lokaci a rufe, a dawo da yamma. Sannan a rage shirin kai tsaye daga ɗakin shiri, domin shi ke buƙatar fitilu da sanyi da ma'aikata da yawa a lokaci guda. Maimakon haka a tara baƙi rana ɗaya a naɗi kashi uku ko huɗu a jere, mai gabatarwa yana sauya riga da hula tsakani. Mai kallo mai lura zai gane, domin shirin da ake cewa na al'amuran yau zai yi magana kamar abin da ya faru jiya bai faru ba. Daga nan sai fita waje. Litar fetur a gidajen man NNPC ta tashi daga 600 da 'yan kai zuwa kusan 900 a Satumba, ta haura 1,000 a Abuja a Oktoba. Tura mota da ɗan rahoto da mai kyamara daga Bauchi zuwa Azare, kusan kilomita 200, ya zama abin da sai wanda ya gayyata ya zuba mai. Jiha mai ƙananan hukumomi 20 kamar Bauchi, ko 11 kamar Gombe, sai labaranta su koma labaran gidan gwamnati da ɗakunan taro na babban birni, ba don wani ya ba da umarni ba, don can ne tafiyar ba ta da tsada kuma can ne ake biyan kuɗin ɗaukar labari.

Na'urori ma ba sa yafe irin wannan zama. Duk sauyi daga Nepa zuwa janareta, in babu batirin riƙe wuta a tsakani, kwamfutar da ke jera shirye-shirye za ta mutu ta sake tashi, allo ya yi baƙi na mintoci, tallar da aka biya ta wuce ba a nuna ba, mai talla kuma ba zai biya ba sai ya ga takardar shaidar an haska. Wuta mai rauni na ƙona sassan na'urar watsawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta mutuwa gaba ɗaya, ƙarfinta ne ke raguwa, sai garuruwan da ke gefe su fara ganin yayyafi a allo kafin hoton ya ɓace. Kayan gyaran da dala ake sayen su, dalar kuma ta tashi daga kimanin naira 900 a farkon shekara zuwa sama da 1,500 a ƙarshenta. Wasu kan ce a kashe wasu na'urori a bar janaretan ya huta, alhali babban inji da ke aiki da ɗan ƙaramin nauyi ba ya ƙona mai sosai, baƙin maiƙo ke taruwa a cikinsa har ya lalace. Gara a sayi ƙarami na daban don ɗakin gyaran hoto.

Abin da ya fi ciwo, wutar ta gefe biyu ake buƙatarta. Tasha na ƙona gas tana watsa wa gidajen da su ma duhu ne. Gidan da ke da sola kuwa galibi yana da kwanon tauraron ɗan'adam, yana kallon Arewa24 ko Manara ko Sunnah TV ko Liberty, ba eriya yake juyawa ba. Rediyo ba ta da wannan matsala, batiri biyu ko wayar hannu sun ishe ta. Duk wanda ke riƙe da rediyo da talabijin a ƙarƙashin rufi guda, ranar da jarka ɗaya ta rage ya san inda zai zuba ta.

Masu biyan kuɗin wata su ma ba su tsira ba. Daga 1 ga Mayu MultiChoice ya sake ƙara farashi, karo na uku cikin kusan shekara guda. Tsarin Compact na DStv ya tashi daga naira 12,500 zuwa 15,700. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya 243,000 a Najeriya tsakanin Afrilu da Satumba. Magidanci a nan ba ya yanke hulɗa, jinkirtawa yake yi: ya sa kati watan da ake manyan wasanni, ya bar dikodar ta huta in an tafi hutun ƙwallo, iyali su koma tashoshin kyauta.

A ƙarshen Mayu an samu sauyin da bai ci ko sisi ba amma ya taɓa kowace tasha. Ranar 29 ga wata shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa na lokacin samun 'yanci. Da shi ake buɗe tasha da shi ake rufewa, don haka sai da aka bi kowace kwamfuta aka cire na baya, har da wanda ke maƙale a farkon tsofaffin jawabai.

Wasan kwaikwayo shi ne abin da ke riƙe mata da matasa a gaban allo, kuma a nan ne tashoshin jihohi suka fi yin asara. Furodusa mai dogon zango yana da zaɓi biyu. Ya je tasha a ce ya sayi lokaci ko ya nemo mai ɗaukar nauyi, ko ya ɗora a YouTube, inda da zarar ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara zai fara karɓar rabonsa na talla, da dala. Kowace faɗuwar naira ƙarin riba ce gare shi. Kashin da aka saki da dare kafin azahar ya isa shagon masu tura fim a waya a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ko Tudun Hatsi ta Gombe, wanda ba shi da data ya biya 'yan canji ya kwasa. Manyan tashoshin tauraron ɗan'adam na iya yin nasu wasan ko su yi yarjejeniyar haskawa lokaci guda da YouTube. Ƙaramar tasha sai tsofaffin finafinai da fassarar Indiya. Su ma da tarkonsu: tashar da ke watsa kanta kai tsaye a Facebook ko YouTube, in ta bar fim ɗin da ba ta da haƙƙinsa ya shiga, na'urar kamfanin za ta gane shi ta toshe shafin. Shi ya sa za ka ga shafin tasha ya nuna labarai da hira, lokacin fim ya yi ya yanke.

A wajen manyan kamfanonin waje ma kuɗin shirya finafinai ya ja baya, domin a Janairu Amazon ya daina ɗaukar nauyin sabbin ayyuka a Afirka. Wannan ya fi shafar Legas, mu nan ba mu taɓa ganin kuɗin ba balle mu yi kewarsa. Wanda ya fi kusa da mu shi ne dokar da hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sanar a Mayu, mai hana ƙawata shan taba da tsafin neman kuɗi a fim, wadda ta ƙara wa mai duba kaya kafin a haska aiki.

Batun abin da ake iya faɗa a iska kuwa, shekarar ta zo a wani yanayi mai ruɗani. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan biyar, an ci Trust TV tarar miliyan biyar a 2022 kan rahotonta na 'yan bindiga, an ci Channels a 2023. Sai a Mayun 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Amma lasisi na hannunta, kuma ba wanda ya manta Agustan 2022 da ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 kan bashi kafin a janye. Da zanga-zangar tsadar rayuwa ta zo daga 1 zuwa 10 ga Agusta, shirin da ya fi shiga haɗari shi ne na kiran waya. Maganinsa na'ura ce mai jinkirta sauti daƙiƙa bakwai ko makamancin haka, don mai kula ya katse zagi ko tunzuri kafin ya fita. Tashar da ba ta da ita sai ta rufe layi ta ce a aiko da saƙo, mai gabatarwa ya zaɓi wanda zai karanta. Tashar gwamnatin jiha ba ta ma buƙatar wasiƙa daga Abuja kafin ta yi haka. Wanda ke biyan albashi da kuɗin gas yana nan kusa.

Da an kammala komawa tsarin dijital, da rabin wannan lissafi ya sauya. A wancan tsari tasha ba ta riƙe na'urar watsawa, shiri kawai take yi ta miƙa wa kamfanin rarraba sigina, shi ya ɗora tashoshi da yawa a kan na'ura guda, a raba kuɗin wutar. Wa'adin da aka ɗibar wa ƙasashe na komawa dijital ya cika tun 17 ga Yunin 2015. An ƙaddamar a Jos a 2016, sai Abuja, Ilori, Kaduna, Inugu, Oshogbo, sannan Legas da Kano a 2021. Bauchi da Gombe ba sa ciki, don haka kowace tasha a nan tana nan da hasumiyarta da janaretanta da mai gadinta, tana biyan kuɗin abin da a Jos, mai nisan tafiyar awa biyu daga Bauchi, aka fara raba shi shekara takwas kafin nan.

Kwamitocin da suka zauna a Disamba don tsara zangon farko na 2025 sun tarar azumi ya matso da kwana goma, zai kama a farkon Maris ya ƙare tare da zangon. Mako takwas ke nan kafin tafsiri ya karɓe fili. Furodusan da ya zo da tsarin kashi 13 sai dai ya datse labarinsa zuwa takwas, ko ya riƙe shi sai bayan Sallah, ya fara a Afrilu, watan da zafi ke sa na'urorin sanyi su fi shan mai.